Wa ke da takobin da ka saya a gem? Yadda masana shari'a suka bi diddigin mulki a wasannin intanet

A ranar 31 ga Maris 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke ɗauke da wasan tseren mota mai suna The Crew, wanda ya fito tun 2014. Daga ranar wasan ya daina aiki ga kowa, har da waɗanda suka biya kuɗinsu cif suka riƙe faifansa a hannu. Da wasu masu wasan suka kai ƙara a Kalifoniya, lauyoyin kamfanin suka ce ai tun farko izinin amfani aka ba su, kuma izinin yana da iyaka.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Jihar Kalifoniya ta yi doka da ta fara aiki a 1 ga Janairu 2025, wadda ta hana masu sayar da wasanni, fina-finai da littattafai ta intanet rubuta "saya" alhali izini suke bayarwa, sai idan sun fayyace wa mai biyan kuɗin. A Tarayyar Turai kuma wata takardar koke da ke neman a hana kamfanoni kashe wasannin da suka sayar ta haura sa hannu miliyan ɗaya a watan Yulin 2025. Jama'a da dama sun ji labarin sun ruɗe: in na biya kuɗi, me na mallaka? Wa ya ba kamfani ikon rufe min asusu? Ina zan kai kuka?

Akwai 'yan tsirarun malaman jami'a da suka gina rayuwarsu ta ilimi a kan waɗannan tambayoyi tun lokacin da abokan aikinsu ke ganin abin wasan yara ne. Bin sawun aikinsu shi ne hanya mafi sauƙi ta fahimtar inda aka kwana.

## Abin da ake saya da abin da ake sa wa hannu

A wasan intanet, abin da ke kan wayarka ko kwamfutarka manhajar shiga ce kawai. Sunanka, matakin da ka kai, bindiga ko rigar da ka saya, kuɗin cikin wasan da ka tara, duk a rubuce suke a babbar kwamfutar kamfani, wadda ake kira saba. Waɗannan kaya su ake nufi da dukiyar cikin wasa. Ba a taɓa su da hannu, amma ana sayensu da kuɗin gaske, ana kuma sayar da su.

Kafin ka shiga, kana danna "na amince" a ƙarƙashin wani dogon rubutu da kusan ba mai karantawa. Wannan ita ce yarjejeniyar amfani, kuma a idon doka kwantiragi ce. Abubuwa uku ba sa ɓacewa daga irinta: duk abin da ke cikin wasan na kamfani ne, kamfani na iya rufe asusunka ko ya rufe wasan gaba ɗaya, in rikici ya taso, a wurin da kamfani ya zaɓa kuma da dokar da ya zaɓa za a warware shi.

Farfesa Lawrence Lessig na Amurka ya yi bayani a 1999 cewa abubuwa huɗu ke juya halayyar mutum: dokar hukuma, al'adar jama'a, kasuwa, da kuma yadda aka gina wurin da yake ciki. A intanet ginin nan shi ne rubutun manhaja. Gwamnati in ta hana abu sai ta nemi ɗan sanda da alƙali da gidan yari. Kamfanin wasa in ya hana abu, layi ɗaya zai sauya a manhaja abin ya daina yiwuwa kwata-kwata. Shi ne mai yin doka, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, kuma filin ma nasa ne.

## Inda maganar ta samo asali

Labarin da malaman wannan fage ke fara koyarwa da shi ya faru ne a 1993, a wani dandalin wasa mai suna LambdaMOO da Pavel Curtis ya kafa a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa, komai rubutu ne: ka rubuta cewa ka shiga falo, sauran su karanta. Wani mai wasa ya yi amfani da wata dabarar manhaja ya riƙa jingina wa wasu mahalarta ayyukan batsa da cin zarafi a bainar jama'a, kamar su ne suke aikatawa, ba su da ikon hanawa. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma waɗanda abin ya shafa sun ji ciwon a zahiri.

Matsalar ita ce 'yan watanni kafin nan masu kula da dandalin sun sanar cewa sun tsame hannunsu daga rigingimun jama'a, aikin injiniya kawai za su riƙa yi. Sai mahalarta suka taru suka yi doguwar muhawara. Wasu suka ce a goge mai laifin, wasu suka ce ba a hukunta mutum da dokar da ba a rubuta ba, wasu suka ce kowa ya toshe wanda ba ya so a huta. Aka tashi ba matsaya. Ɗaya daga cikin masu kula da dandalin ya je shi kaɗai ya goge asusun mutumin. Bayan haka Curtis ya kafa tsarin koke da ƙuri'a, jama'a su kawo shawara a jefa ƙuri'a, masu kula su zartar. Tsarin ya haifar da gardama ba iyaka, har a 1996 masu kula suka sanar sun karɓe ikonsu na yanke hukunci.

Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen 1993, daga nan ya shiga azuzuwan koyar da shari'a. Duk tambayoyin da ake yi yau suna cikinsa: shin cutarwar da aka yi da rubutu cutarwa ce, wa ke da hurumin hukunci, kuma yaya mulkin jama'a zai tsaya a wurin da mutum ɗaya ke riƙe da makunnin wuta.

## Yadda wasa ya zama fagen bincike

Kuɗi ne ya sa jami'o'i suka waiwayo. A 2001 wani masanin tattalin arziki, Edward Castronova, ya zauna ya lissafa farashin da ake sayar da kayan wasan EverQuest a kasuwannin gwanjo na intanet. Ya gano cewa mai wasa na samar da abin da ya kai kimanin dala 3.42 a kowace sa'a, kuma in da duniyar wasan ƙasa ce, arzikin da ke kan kowane ɗan ƙasa zai sa ta tsakanin Rasha da Bulgariya. Takardar ta yi farin jini, shi kuma ya koma Jami'ar Indiana ya ci gaba da wannan bincike.

A ɓangaren shari'a, sunan da ya fi fitowa shi ne Greg Lastowka. Lauya ne da ya yi aiki a kan shari'o'in fasaha kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Rutgers. A 2004 shi da Dan Hunter, ɗan Ostireliya da ke koyarwa a Jami'ar Pennsylvania a lokacin, suka wallafa doguwar maƙala a mujallar shari'a ta California Law Review. Suka ɗauko tsoffin hujjojin da malaman falsafa ke kafa mallaka a kansu, irin cewa wanda ya zuba guminsa a kan abu yana da haƙƙi a cikinsa, suka gwada su a kan takobi da gidan cikin wasa. Sakamakonsu shi ne hujjojin sun hau daidai. Amma suka ja kunnen kotuna kada su yi gaggawar kutsawa, domin waɗannan wurare suna da nasu dokoki da al'adu. A 2010 Lastowka ya fitar da littafinsa Virtual Justice, daga baya ya karkata ga haƙƙin mallakar abubuwan da masu wasa ke ƙirƙira da kansu a wasanni irin Minecraft. Ya rasu a 2015 bai kai shekara hamsin ba.

Aikin irin waɗannan malamai ya bambanta da na sauran masana shari'a. Hukunce-hukuncen kotu a fagen kaɗan ne, saboda haka dole su buɗe asusu su shiga wasan su daɗe, su karanta yarjejeniyoyi sashe-sashe, su yi aiki da masana zamantakewa da na tattalin arziki. Bayanan da suke buƙata suna hannun kamfanonin da suke bincike a kansu, kuma wasan da aka shafe shekaru ana nazarinsa yana iya rufewa. Kamfanonin su ma sun riƙa ɗaukar masana aiki: CCP na Iceland ya ɗauki masanin tattalin arziki a 2007 don sa ido a kasuwar wasansa mai suna EVE Online, Valve kuma ya ɗauki Yanis Varoufakis a 2012, mutumin da ya zama ministan kuɗin Girka a 2015.

A 2003 aka fara wani taron masana a New York Law School wanda ya haɗa lauyoyi da masu ƙera wasanni. A can kamfanin Linden Lab ya sanar cewa mazauna duniyarsa ta Second Life za su riƙe haƙƙin mallakar abin da suka ƙirƙira. Sanarwar ta yi tashe, kuma ita ce ta kai shi kotu daga baya.

## Abin da kotuna suka ce

In aka jera shari'o'in da aka yi, wani tsari yana bayyana. Idan ɓarawo ne ya ɗauki kayan, kotuna sun fi karkata ga ɗaukarsu a matsayin dukiya. Idan kamfani ne ya ƙwace, yarjejeniya ce ke magana.

A ƙasar Holan, a 2007, wasu samari biyu suka doki wani yaro ɗan shekara 13, suka nuna masa wuƙa, suka tilasta masa ya shiga wasan RuneScape ya miƙa musu wata laya da wani abin rufe fuska na cikin wasan. Lauya ya kawo hujja cewa waɗannan ba kaya ba ne, ba su wanzu a zahiri ba, kuma in ma suna da mai su, kamfanin wasan ne. A Janairun 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce sata ce. Dalilinta: yaron ya ɓata lokaci da ƙoƙari kafin ya same su, suna da daraja a wurinsa da wurin waɗanda suka ƙwace, shi kaɗai ke da iko da su kafin a raba shi da su, kuma ƙwacen a wajen wasan ya faru. Kotunan Holan sun daɗe da irin wannan fahimta, domin tun 1921 suka yanke cewa ana iya satar wutar lantarki duk da ba a riƙe ta a hannu.

A ƙasar Sin, wata kotu a Beijing ta umarci wani kamfanin wasa a 2003 ya mayar wa mai wasa makaman da aka yi masa kutse aka sace, saboda raunin tsaron kamfanin. A Shanghai kuwa abin ya kai ga rai: wani ya ara wa abokinsa takobin cikin wasa, abokin ya sayar da shi yuan 7,200, mai takobin ya je wurin 'yan sanda aka ce masa doka ba ta san irin wannan dukiya ba, sai ya daɓa wa abokin wuƙa ya mutu. An yanke masa hukuncin kisa da aka jingine a 2005. Kundin dokokin farar hula na Sin da ya fara aiki a 2021 ya ambaci dukiyar intanet a sashe na 127, ko da yake ya bar bayanin kariyar ga wasu dokoki.

A ɗaya gefen akwai shari'ar da aka sani da sunan Bragg. Wani lauya mai suna Bragg a Pennsylvania ya gano hanyar sayen filayen Second Life a gwanjo kafin a buɗe wa jama'a, ya samu fili da araha. Kamfanin ya rufe asusunsa, ya riƙe har da abin da ya mallaka ta halastacciyar hanya. Ya kai ƙara yana cewa shugaban kamfanin da bakinsa ya sha faɗa wa duniya cewa filayen na masu sayensu ne. A 2007 alƙali ya yi watsi da sashen yarjejeniyar da ya tilasta a je sasanci a San Francisco, ya ce an rubuta shi don amfanin ɓangare ɗaya. Sai dai an sasanta a wajen kotu, aka mayar masa da asusunsa, babbar tambayar ta mallaka ta tafi ba amsa. A 2010 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka, a shari'ar da ta shafi World of Warcraft, ta ce masu wasan izini suke riƙe da shi, manhajar ba tasu ba ce.

## Matsayin kowane ɓangare

Masu ra'ayin a bar wasa ya zama wasa suna kafa hujja da tunanin masanin tarihi ɗan Holan Johan Huizinga, wanda ya rubuta a 1938 cewa wasa na da da'irarsa, dokokin cikinta daban da na waje. Naushin da ɗan dambe ya kai wa abokin karawarsa a fage ba ya kai shi gaban alƙali, amma in ya yi irinsa a bakin kasuwa laifi ne. Akwai wasannin da yaudara da fashi suke cikin dokarsu. A EVE Online, a 2009, shugaban wani bankin da masu wasa suka kafa ya kwashe kuɗin wasan biliyan 200 na masu ajiya. Kamfanin ya kore shi, amma ba don satar ba, tunda dokar wasan ba ta hana ta ba. An kore shi ne don ya canza kuɗin zuwa kusan dala 5,000 na gaske, abin da yarjejeniya ta haramta. Masu wannan ra'ayi na cewa in kotu ta shiga irin wannan, wasan ya mutu.

Masu ra'ayin dukiya, irin su Farfesa Joshua Fairfield, suna cewa da'irar ta daɗe da fashewa, kuma kamfanonin ne suka fasa ta ranar da suka fara karɓar kuɗin gaske suna ba da kayan wasa. Abin da mutum ɗaya ke riƙe da shi, yake nan ko ya kashe kwamfuta, wasu kuma suke iya saye, ya cika siffofin dukiya, don haka bai kamata kwantiragin da ba a yi ciniki a kansa ba ya shafe shi.

Kamfanoni su ma suna da hujja mai nauyi. In takobi dukiyar mai wasa ce, duk ranar da aka rage masa ƙarfi don daidaita wasa sai a biya diyya. In an kori mai maguɗi sai ya kai ƙara. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta Turai ta mayar da martani ga takardar koken 2025 da cewa riƙe saba na cin kuɗi, kuma miƙa ta ga jama'a zai cire kariyar bayanan sirri da tace abubuwan da doka ta haramta. Masu koken suka ce ba su nemi a riƙe saba har abada ba, a bar wasan a yanayin da zai iya aiki ne kawai.

Ra'ayi na huɗu ya kauce wa gardamar mallaka ya koma kan adalcin hanya. Nicolas Suzor na Jami'ar Fasaha ta Queensland ya rubuta digirinsa na uku a kan mulkin al'ummomin intanet, inda ya ce ko da kamfani ne mai wurin, akwai abin da ya kamata a bi shi bashi: dokoki a bayyane, hukunci iri ɗaya ga kowa, a faɗa wa mutum laifinsa, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Wannan ra'ayi ne ya fi yin tasiri a wajen wasanni. A 2020 Suzor ya shiga rukunin farko na kwamitin da ke duba hukunce-hukuncen Facebook, kuma dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai da ta fara aiki gaba ɗaya a Fabrairun 2024 ta wajabta wa dandamali su ba da dalili in sun cire rubutu ko sun rufe asusu, su kuma buɗe ƙofar ƙorafi.

## Da aka gwada ba masu wasa iko

Bayan wata badaƙala da aka samu ma'aikacin CCP yana fifita ƙungiyarsa a cikin EVE Online, kamfanin ya kafa majalisar masu wasa da ake zaɓa da ƙuri'a, aka yi zaɓen farko a 2008, ana kai wakilan Reykjavik, babban birnin Iceland, su zauna da shugabannin kamfanin. Majalisar shawara take bayarwa, ba ta da ikon tilastawa. Duk da haka a 2011, da masu wasa suka yi bore kan tsadar kayan ado da kamfanin ya fara sayarwa, ita aka kira zaman gaggawa, daga baya shugaban kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Riot Games ya gwada kotun masu wasa a League of Legends daga 2011, inda jama'a ke karanta rahoton zagi su jefa ƙuri'ar hukunci ko afuwa. Ya dakatar da ita a 2014, manhaja ta karɓi aikin.

Wani lokacin matsin lamba daga waje ke aiki. A Oktoban 2019 kamfanin Blizzard ya dakatar da wani gwanin wasan Hearthstone shekara guda ya kuma janye kyautarsa, saboda ya furta goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong a hira kai tsaye. Da surutu ya yi yawa, har 'yan majalisar Amurka suka soki matakin, aka rage zuwa wata shida aka mayar masa da kuɗinsa. Sananne ne shi ya sa aka ji kukansa. Wanda ba a sani ba, saƙo ɗaya yake samu cewa ya karya doka.

## Abin da ya shafi mai buga gem a waya

Matashin da ke buga PUBG Mobile ko Free Fire ko eFootball a Kano ko Maraɗi yana ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya. Kuɗin da ya zuba a sayen kayan wasa ba ajiya ba ne da zai iya nema a dawo masa da ita in an rufe asusun ko wasan. Cinikin asusu da ake yi ta WhatsApp da Facebook ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin waɗannan wasanni, don haka wanda ya saya, aka kuma ƙwace daga baya, ba shi da bakin kai ƙara wurin kamfani. Abin da ya rage masa shi ne bin wanda ya damfare shi, kuma nan ne riƙe shaidar tura kuɗi da saƙonnin ciniki ke da amfani. Gwamnati ma na iya yanke hanya: Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumban 2020, ta bi da Free Fire a Fabrairun 2022.

Hukumomi na iya kai hannu ga manyan kamfanoni in sun so. A Disamban 2022 Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan tattara bayanan yara da kuma dabarun da ke sa mutane sayen abin da ba su yi niyya ba. A Najeriya hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta mai Facebook tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024; ba kan wasa ba ne, amma ya nuna hurumin hukumar ya kai ga kamfanin da ke waje.

Sai batun akwatin sa'a, wanda ake biyan kuɗi a buɗe ba a san abin da ke ciki ba. Sin ta wajabta bayyana ƙididdigar yiwuwar samun kowane kaya tun 2017, Koriya ta Kudu ta bi sahu a 2024, hukumar caca ta Beljiyam kuma ta ce a 2018 caca ne. A Najeriya Kotun Ƙoli ta yanke a Nuwamban 2024 cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, saboda haka in aka taɓa ɗaukar akwatin sa'a a matsayin caca, kowace jiha ce za ta yi nata hukunci.

Ko dokokin Turai da Kalifoniya za su amfani wanda ke wajensu, wannan ya danganta da lissafin kamfani. In sauya wasan ga kowa ya fi arha, kowa zai samu. In ware ƙasa ɗaya ya fi sauƙi, ita kaɗai za a ware. Da Beljiyam ta matsa, kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake buɗe akwatunan wasan FIFA da su a cikin ƙasar a farkon 2019, ya ci gaba da sayarwa a sauran duniya.